Rakiya Har Ƙofar Makaranta

Ɗakin farko da muka kwana a cikinsa a Landan ba shi da taga. A hoton da aka turo mini tun ina gida akwai taga, har da labule mai furanni. Da muka iso Whitechapel da akwatunanmu, ni da matata Rukayya da 'yarmu Ummi, sai muka tarar labulen yana nan, amma bango ne a bayansa. Mutumin da ya ba mu makulli ya ce iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ban yi masa gardama ba. Ni dama ba mai gardama ba ne, balle a ƙasar da ban san iyakar haƙƙina ba, kuma takardar zamana ta ɗalibi ce. Har godiya na yi masa, abin da Rukayya take tuna mini har yau.

A ɗakin nan Ummi ta daina magana. Ba zan ce ɗakin ne ya jawo ba, domin ban sani ba, likitan da ya duba ta ma bai ce haka ba. Abin da na sani shi ne a Azare surutun yarinyar nan har ciwon kai yake sa mahaifiyata, wadda sunanta ta ci. Ba ta kai shekara uku ba, amma sai ta tsaya a zaure ta gaishe da duk mai wucewa, ta tambaye shi ina za shi. Muna zuwa nan ta yi tsit. Da mu biyu tana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji ta. Da zarar ta ga baƙuwar fuska, a bas ne ko a shago, sai ta ƙame ta cusa kai a zanen uwarta. Ina zaune a aji ana koyar da mu lafiyar al'umma, zuciyata tana ta tambayata ko na ɗauko 'yata ne na kawo ta ƙasar da za ta zama bebiya.

Zangonmu na biyu Woolwich ne, kuma ba dabararmu ce ta kai mu ba. Rukayya ta je kasuwar can neman kuɓewa da attarugu, tana cikin ce wa Ummi ta sakar mata zane, sai wata mata ta juyo daga gaban mai kifi ta ce, "Wace ce ke mini Hausar Bauchi a baya?" Anti Ladi ke nan, 'yar Kafanchan, nas ce a wani asibiti, ta daɗe a ƙasar har 'ya'yanta sun girma sun watse. Kafin sati ya zagayo ta zo ganin ɗakinmu. Ta ɗaga labulen, ta dubi bangon, ta dube ni.

"Malam Nuhu, da digirinka?"

"To, Anti, cewa aka yi na ɗan lokaci ne."

"Ku tattara. Akwai ɗakin ɗana, babu kowa a ciki sai takalman ƙwallo."

A gidanta na gama karatu, na samu aiki a ɗakin ajiyar kayan wani asibiti, muka fara neman wurin kanmu. A nan na ga abin da ya ɗaure mini kai. Sai ka ga gida biyu iri ɗaya, jan bulo ɗaya, fasali ɗaya, a unguwa ɗaya, amma hayar wannan ta yi wa ta wancan fintinkau. Na tambayi Anti Ladi ko an taɓa yin kisa a mai arahar ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Makaranta ce, ɗan'uwana. Catchment suke ce masa. Nan ba a zuwa wurin hedimasta a ce ga ɗan wane na kawo. Council ce ke rabo, wato ƙaramar hukuma. In masu nema sun fi kujeru yawa, sai a auna daga makaranta zuwa ƙofar gidanka, a miƙe, kamar an ja igiya. Na kusa ya shiga, na nesa ya nemi wata. To makarantar da ta yi suna, kowa so yake ya kwana a gindinta. Masu gidaje kuma ba wawaye ba ne."

Na tambaye ta tsawon igiyar. Ta ce babu wanda ya sani sai an gama rabo, domin kowace shekara canjawa take yi. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ni mutum ne da in za ni baƙon wuri, sai na je na gano hanyar tun ana gobe. Iyakar da ba a gani, kuma tana motsi, ban san yadda ake zama kusa da ita ba.

Barking ce zango na uku. Muka samu ƙasan wani tsohon gida cikin jerin gidajen nan masu manne da juna: ɗaki ɗaya, falo, da kicin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Hayarsa ta ɗan fi ƙarfinmu, amma ita ce mai sauƙi a layin, saboda bangon ɗakin kwana yana tsatsar danshi, baƙar funfuna ta yi masa zane tun daga ƙasa har tsayin ƙirji. Mai gidan, wani dattijo da ya koma bakin teku da zama, ya ce zai gyara. Muka jawo sif ɗin kaya muka rufe wurin. Abin da ya sa muka karɓa shi ne in ka bi layin har ƙarshe ka karya kwana, za ka hango ƙofar makarantar firamaren da ake ta yabo, kuma ajinsu na ƙananan yara ya ba Ummi gurbi.

Watan farko ba ta ce uffan ba a ajin. Malamarsu, wata mai furfura da ke durƙusawa in za ta yi wa yaro magana, ta ce mu bar ta, kada mu matsa mata. Wata rana na je ɗaukarta, malamar ta tare ni a bakin ƙofa ta ce yau Ummi ta nemi jan fenti da bakinta. Na tsaya ina gyaɗa kai. Daga nan magana ta fara fito mata ɗaiɗai, amma a cikin ajin nan kawai. A waje tana nan yadda take.

Malamar ce kuma ta gargaɗe ni cewa zaman ajin ƙanana ba ya ba yaro kujera a babbar makarantar. Sai an nema ta council a tsakiyar Janairu, kuma gidan da kake zaune a lokacin shi za a auna. Na ce ba komai, ai muna kusa.

Sanyi na fara shigowa mai gida ya bugo waya. Ya ce ya tsufa, samarin da ke haya a sama sun tashi, gidajen layin kuma sun yi daraja saboda makarantar, don haka zai sayar da gidan gaba ɗaya. Ya ba mu haƙuri sosai, ina jin kuma da gaske yake. Ya ce ba zai tashe mu ba sai an samu mai saye, in an samu zai ba mu wa'adin da doka ta ce. Na ajiye wayar na dubi kalandar da ke bango. In aka samu mai saye da wuri, za mu fita kafin Janairu. In gidan ya yi kwantai, mun tsira. Abin da muke buƙata ke nan, jinkiri kawai.

Abin da ya biyo baya ban san ko kuskure zan kira shi ba. A yadda aka raine mu, duk wanda ya taka ƙofarka baƙo ne. Dillalin gidan, wani saurayi mai takalmi yana ƙyalli, ya fara kawo mutane ran Asabar. Tun da safe Rukayya za ta share ta goge, ta sa turaren wuta a kaskon lantarki, ta buɗe taga don kada ƙararrawar hayaƙi ta tashi. Ta haɗa zoɓo ta sa a firji, ta zuba cincin a faranti. Ni kuma in sa kaftani. Ana danna ƙararrawa sai ta buɗe ƙofa ta ce, "Sannunku da zuwa," ni in maimaita da Turanci. Ummi tana ƙarƙashin teburin cin abinci, bayan ƙyallen da ya sauko har ƙasa, tana jin komai.

In suka tambaye ni ko gidan yana da sanyi, sai in ce alhamdu lillahi, ba laifi. Mutum ya ba ka wurin zama, ba ka tona masa asiri a gaban baƙi. Sif ɗin yana nan a gaban funfuna, turare ya rufe warinta. In sun tashi tafiya kuma sai in yi musu rakiya. A Azare mahaifina ba ya sallamar baƙo a bakin zaure, sai ya taka masa har bakin titi, kuma ni ban san wata hanyar rabuwa da mutum ba. Sai in raka su har ƙarshen layi. Muna karya kwana sai in ga sun tsaya, sun dubi ƙofar makarantar, sun waiga wajen gidan, sun dubi juna. Dillalin ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin ɗan haya irina ba. Na ji daɗin yabon.

Wata Asabar Anti Ladi ta zo mana ba zato. Tana shigowa ta ja numfashi.

"Yesu! Biki ake ban sani ba?"

"Masu ganin gida ne za su zo, Anti," in ji Rukayya.

Ta buɗe firji, ta ɗago jarkar, ta shinshina. "Har da kanumfari. Rukayya, ƙanwata, mutanen da za su jefa ki titi kika yi wa zoɓo da kanumfari?" Ta juyo kaina. "Kai kuma ango, da kaftani. Malam Nuhu, kai ne dillalin ko wancan yaron? Ka san abin da 'yan haya ke yi in an zo viewing? Su tara kwanuka ba wanki, su shanya kamfai a falo, su ce maƙwabci yana kiɗa har asuba."

"Ai ba ya kiɗa, Anti."

"Na san ba ya yi! To in sun gama sha sai me?"

"Sai in ɗan taka musu."

"Har ina?"

"Har kwana dai."

"Wace kwanar?"

Ta zauna a kan kujera a hankali, ta ajiye jakarta a cinya.

"Wato ka ɗauke su da ƙafarka ka kai su ka nuna musu abin da suka zo saya, ka dawo ka wanke kofunansu."

Ba ta ƙara dariya ba. Na dubi teburin. Yatsun ƙafar Ummi ne kawai suka leƙo ta ƙarƙashin ƙyallen.

Cikin satin dillali ya ce wasu mata da miji da suka zo a baya suna so su sake gani, kuma da alama da gaske suke. Muka yanke shawara ba za mu yi musu komai ba. Ba turare, ba shara. Rukayya za ta ɗora miyar kuka ta cika mata daddawa, a rufe tagogi. Ni kuma zan ture sif ɗin. Na daɗe ina juya wannan a raina, ko cin amanar mai gida ne. Daga ƙarshe na ce wa kaina ai gaskiya ce zan nuna, watakila ma ɓoyewar da muka yi ita ce ba daidai ba.

Ran Asabar ɗin Rukayya ta tsaya a tsakiyar falo tana kallon takalman da muka bari a warwatse da gangan.

"Abban Ummi, ni fa ba zan iya ba. Cewa za su yi Hausawa ƙazamai ne."

"Ba su san mu Hausawa ba ne."

"Ni ai na sani."

Ta shige kicin ta ce ba za ta fito ba. Ana danna ƙararrawa sai ga ta a bakin ƙofa, sannunku da zuwa ta riga ta fita daga bakinta. Ta kawo ruwa a kofuna. Da na dube ta sai ta ce, "Ruwa dai ba a hana shi."

Matar doguwa ce, fuskarta duk gajiya, mijin kuma ba mai yawan magana ba. Sun zo da ɗansu, Filip. Mijin ya shaƙi ƙamshin daddawa ya tambayi me ake dafawa, ya ce ya tuna masa wani abu da kakarsa take tsimawa a tulu. Wannan dabara ta faɗi. Na kai su ɗakin kwana na nuna musu bangon. Dillalin ya yi mini wani irin kallo. Na yi bayani dalla-dalla, yadda danshin yake ƙaruwa in ruwa ya yi yawa, yadda kaya suke wari. Ban saba kushe abin wani ba.

Matar ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Mun sani. Duk gidajen layin haka suke. Bango ana gyara shi. Gida ne ba ya matsowa kusa da makaranta."

Da muka dawo falo aka nemi Filip aka rasa. Uwar ta ɗaga ƙyallen teburi. Ga shi zaune kusa da Ummi, gwangwanin cincin a tsakaninsu, tana ɗaukowa ɗaya-ɗaya tana sa masa a hannu. Ba ta ce masa komai ba. Amma tun zuwanmu ƙasar ban ga ta bar baƙo ya zauna kusa da ita haka ba.

Na tambayi shekarunsa. Sa'anta ne.

"Shi ma Janairun nan?"

"Shi ma," in ji ta.

Na so in roƙe ta kai tsaye, amma abin da ya fito shi ne, "Ban sani ba ko zai yiwu, kuma ba wai matsa muku nake yi ba, sai dai in da hali, watakila a ɗan jinkirta..." Ta gane tun ban ƙarasa ba. Ta dubi teburin, ta dube ni.

"Ka yi haƙuri. Mun sayar da namu saboda wannan. Shi kaɗai gare mu."

Na ce na fahimta. Kuma na fahimta ɗin, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da suka fita na riƙe ƙofa da hannu biyu don kada ƙafata ta bi su. Ranar na fara barin baƙo a bakin ƙofa. Bai hana komai ba.

Mun tashi a Disamba. Zango na huɗu saman wani shagon soyayyar kaza ne a ƙetaren layin dogo, inda haya take da sauƙi domin babu makarantar da ake rububi a kusa. Wani a masallaci ya ce in sa tsohon adireshin, wa zai sani. Na ji tsoro, ban sa ba. Na sa na gaskiya, na kuma sa makarantar Ummi a farko duk da haka, ko Allah zai sa igiyar ta yi tsawo a shekarar. Ba ta yi ba. A Afrilu aka ba mu wata makaranta kusa da layin dogo, wadda ban taɓa jin wani ya yaba ba, ban kuma ji an kushe ta ba.

Ummi ta ci gaba da zuwa ajinta a bas har aka yi hutu. Ranar ƙarshe malamar ta durƙusa ta rungume ta, ta ce mini yara sun fi mu ƙarfi. Ina ganin don ta kwantar mini da hankali ne. Duk hutun ba abin da nake hange sai yarinyar tsaye a sabon aji, bakinta a rufe, shekara ta zo ta wuce. In na kawo zancen sabuwar makaranta sai ta tashi ta shige ƙarƙashin teburi.

Ranar farko a Satumba muka isa da wuri, domin na riga na gano hanyar tun ana gobe. Sabuwar malamar ta gaishe ta da fara'a. Ummi ta ƙame. Ta damƙi wandona ta cusa fuska, yadda take yi a Whitechapel. Na ji kamar an maida mu ɗakin nan marar taga. Iyaye suna ta wucewa da 'ya'yansu, ni na kasa gaba na kasa baya.

Sai na ji wani yaro yana kuka a bayana, kuka mai ƙarfi. Na waiga. Filip ne, ya naɗe a ƙafar uwarsa. Ta gan ni, fuskarta ta yi ja.

"Ba mu samu ba," ta ce, tun ban tambaya ba. "Mutane sun cika layukan da suka fi kusa, ga kuma ƙannen waɗanda ke ciki. Bana igiyar ta tsaya gida kaɗan kafin naku." Ta gyara, "Kafin namu."

Na zaci zan ji sanyi a raina, sai tsoro ya ƙaru mini. Mutanen nan sun sayar da abin da suke da shi sun sayi ƙofar, sun gyara bangon, amma iyakar ta matsa ta bar su. To mu 'yan haya fa?

Ina cikin haka na ji riƙon wandona ya saki. Ummi ta ɗago kai tana kallon Filip. Ta taka a hankali har gabansa, ta tsaya, ta ɗan karkatar da kai yadda uwarta take yi a bakin ƙofa. Da murya sosai, wadda har malamar ta juyo, ta ce:

"Sannu da zuwa."

Yaron ya dakata da kuka yana kallonta. Ta kama hannun rigarsa ta ja, suka shige, ba wanda ya waiwayo a cikinsu.

"Me ta ce masa?" in ji uwar.

Na fassara mata. Ta rufe baki da hannu ta juya wajen shinge. Ni ma na samu abin kallo a ƙasa.

Ba zan ce an warke ba. Ban san ko za ta yi wa malamar magana gobe ba, ban kuma san ko saman shagon nan zai kai mu baɗi ba, domin na ji an fara yabon sabuwar makarantar, kuma yanzu na san abin da yabo yake yi wa haya. Amma ranar da na fito na bugo wa Anti Ladi na ba ta labari. Sai ta ce, "To ita matar fa? A nan ka bar ta tsaye?"

"Na ɗan taka mata."

"Har ina?"

"Har tashar bas."

"Allah ya shirye ka, Malam Nuhu," in ji ta. Ina jin ta tana jan hanci.